Gayyar da Ta Cinye Irin Malam Sulle

Kurkunu ya kwantar da Malam Sulle a daidai lokacin da bai kamata manomi ya kwanta ba. Bazara ta zo ƙarshe, kowa a Daura ta ƙasar Karaye yana sharar gona, shi kuwa yana zaure da ƙafa a kumbure. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidan aure nesa. Daga shi sai matarsa Hajo, sai 'yar dawar da za ta kai su kaka da ƙyar, sai irin gero da gyaɗa da ya zuba a tukunya ya liƙe bakinta da laka.

Wata safiya sai ga samari cike da ƙofar gida, kowa da fartanya a kafaɗa. Babbansu ya durƙusa ya gaida shi.

"Baba, ya jiki? Sunana Halliru. Mu ɗaliban kwalejin nan ne ta bakin titi, 'yan ƙungiyar taimakon kai da kai. Mun zo yi maka gayya."

"Gayya? Wa ya kira ta?"

"Ba wanda ya kira, Baba. Don Allah muka zo."

Kan Malam Sulle ya ɗaure. Shi dai a saninsa mai gona ne ke kiran gayya, bayan ya tanadi hatsi da goro. Bai taɓa ganin gayyar da ta kawo kanta ba. Kafin ya samo abin faɗi, samari sun kama hanyar gona.

Hajo ta leƙo ta ce, "Malam, mutane na gonarka cikin wannan rana, a bar su da ƙishi?"

Ai kuwa ba a bar su ba. Ta ɗebi dawa, ta tuƙa tuwo, ta dama kunu. Ɗalibai suka ce haba Inna, ai da ba ki wahalar da kanki ba, sannan suka suɗe kwanukan tas.

Labari ya kai kunnen Ɗanmaliki, sarkin samarin unguwa, ransa ya ɓaci. "Baƙi daga Rogo da Gwangwan su share gonar dattijonmu muna zaune? Ina za mu sa fuskarmu a garin nan?" Ranar Asabar ya iso da jama'ar da ta ninka ta farko, har da makaɗa.

Malam Sulle ya ce, "Ɗanmaliki, ai an share gonar."

"Sharar 'yan boko ce, Baba. Za mu sake, mu kai maka taki. Kai dai ka kwanta ka huta."

To ina hutu? Ganga na tashi daga gona, Hajo ta zo ta tsaya a kansa. Dawar ta yi ƙasa, ba za ta ciyar da wannan taro ba. An ciyar da baƙi, a ce 'yan gida sun tashi haka? Ta dube shi, ta dubi tukunyar iri. Malam Sulle ya juya fuska bango. Hajo ta fasa lakar. Geron ya zama fura, gyaɗar ta shiga kunu. Makaɗa suka yi ta wasa Malam Sulle, wai mai hannun kyauta, shi kuwa yana kwance hawaye na bin kunnensa.

Ruwan shuka ya sauka, gari ya watse gona. Malam Sulle ya aiki Hajo neman iri, amma ya ja mata kunne kada ta faɗi inda nasu ya shiga, don ba a gorin abinci.

Maƙwabciyarsu Talatu ta yi dariya. "Haba Hajo, ku da ƙungiya biyu ke tsaye a kanku? Mu ya kamata ku sam mana."

Hajo ta je kwaleji, aka ce an yi hutu. Ta sami Ɗanmaliki, ya yi sororo. "Iri kuma, Inna? Na ɗauka 'yan makaranta sun kawo. Su da ke da malamin gona!" Ya ce zai tara samari a duba. Kafin samari su taru, kowa ya shuka nasa ya ƙare, geron mutane ya kai gwiwa.

Gonar Malam Sulle, wadda ta fi kowace shara da taki a yankin, ta yi ciyawar da ba a taɓa ganin irinta ba. Da kaka ta yi, Hajo ta shiga bin gidaje tana sussuka, ana ɗan zuba mata a ƙwarya. Kafin wata daminar, Malam Sulle ya sayar da gonar da ya gada wurin mahaifinsa don su ci abinci.

Ƙafa ta warke, amma kansa bai warware ba. Yakan zauna a zaure ya ce, "Hajo, wai me ya same mu? Na duba na duba, ban ga wanda ya cuce mu ba. Kowa alheri ya zo yi."

Jama'a, taimakon juna abin alfahari ne, kada mu bari. Amma kafin ka ɗauki fartanya, durƙusa ka tambayi mai gona abin da ya rasa, ka kuma zo da abincinka. Taimakon da aka yi don a fi wasu suna, ba a tambayi mai buƙata ba, yana iya raba shi da ɗan abin da ya rage masa.