Hannun Barau Yana Bakin Aiki

Tun da aka kafa dokar cewa inji ba zai tashi ba sai ya ji tafin hannun mai kula da shi, kamfanoni suka daina sallamar abin da inji ya yanke.

Ranar Laraba na raka ƙanena Barau kamfanin fasa dutse, riƙe da ƙyallen likkafani, mu karɓo hannunsa na dama mu binne. Lauyansu ya tarbe mu da ruwan sanyi.

"Hajiya, diyya ta wanda ya rasa hannu ce," in ji shi. "Nasa bai ɓata ba. Kotu ma ta gani."

Ya yaye labule. Ga hannun cikin akwatin gilashi, manne da injin, injin kuwa sai ruri yake. An yanke masa farce tsaf. Zoben azurfar mahaifinmu na nan a yatsa.

Na ajiye kofin ruwan a gefe.

"To, ranka ya daɗe, a ba ni zoben," Barau ya ce a hankali.

Lauyan ya duba agogo.

"Bari ya tashi daga aiki tukuna."