Saƙon Tukur Daga Darfur

Shekara goma sha bakwai Dauda Jonathan yana ɗauke da saƙon nan. Ran da aka harbi abokinsa Tukur suna aikin soja a Darfur, a cinyarsa ya cika. Abin da ya iya faɗa ke nan: "Ka nemar mini gafarar uwata."

Dauda mutumin Filato ne. Jinya ta riƙe shi, aiki ya riƙe shi, tsoron haɗa ido da uwar mamaci ya fi riƙe shi. Sai da ya yi ritaya ya sauka Gusau, ya hau motar Bunguɗu, wani dattijo mai babur, Malam Mahadi, ya kai shi Karakkai har ƙofar gidan.

Tsofaffi biyu ya tarar a tsakar gida. Yana ambaton Tukur, ɗayar, Inna Lami, ta dafe kai ta rushe da kuka. "Wayyo ɗana! A bayan nan nawa ya girma!" Ta ja shi ɗaki, ta nuna masa hoton Tukur cikin kaki. Dauda ya durƙusa, ya sauke saƙon da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta yafe duniya da lahira. Ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka.

Ɗayar kuwa, Dije, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tankaɗe take yi tun shigowarsa, garin ya ƙare a rariya amma tana ta kaɗawa. Kai, wannan taurin zuciya! Abin ya ƙona wa Dauda rai.

Zai fita Dije ta tare shi a zaure, idonta a ƙasa.

"Shi wancan ɗin... an samu an ba shi ruwa?"

"Yana da suna, Baba," in ji Dauda a fusace. "Tukur sunansa." Ya wuce bai ba ta amsa ba.

A hanyar komawa, sun kusa Bunguɗu ya kasa haɗiyewa, ya tambayi Malam Mahadi wace ce wannan marar tausayi.

Dattijon ya rage gudu. "Dije? Ai Lami gwaggon Tukur ce, riƙonsa ta yi. Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Dije ce ta haife shi."