Mai Tsiren da Ya Fita Neman Hancinsa

Ka ce za ka sayar da keken ɗinkinka saboda ciniki ya ƙi dawowa. To, kafin ka kira dillali, zauna in ba ka misalin wani mai tsire.

A shekarar annoba, lokacin da aka kulle gari, zazzaɓi ya kwantar da shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da hancinsa, ya bar masa harshe kamar na aro. Nama da tuwo da daddawa duk ɗaya suke a bakinsa. Ga wani wannan ƙaramin rashi ne, ga mai tsire kuwa mutuwar sana'a ce, don shi ba ya auna yaji da cokali, hanci ne ke gaya masa citta ta isa ko masoro ya yi yawa. Ya tsorata ƙwarai, bai kuma gaya wa kowa ba sai matarsa. Kullum da safe yakan jera citta da kanumfari da kimba a kan faifai, ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya, ya ji shiru, ya mayar, gobe ya sake. In ya gama sai ya zauna a tsakar gida yana tsara mata ranar da za a buɗe gari. Zai karya da koko da ƙosai wurin tsohuwar nan ta bakin masallaci, ƙosan da ake tsamowa yana tsiyayar mai. Da hantsi waina da miyar taushe a lungun marina. Da azahar ɗanwake, a zuba masa man gyaɗa ba rowa, ya kora da zoɓo mai sanyi. Da la'asar fura da nono a bakin kasuwa, kuma a ƙwarya za a dama masa, ba a roba ba. Har gurasa yakan cusa a tsakani in ya ga da wuri. Matar takan yi dariya ta tuna masa cewa ciki ɗaya gare shi dai, in ya juya baya kuma ta goge ido da gefen zane, don ta san ko kunun da ke hannunsa bai san ɗanɗanonsa ba.

Aka ɗage kulle, hanci bai dawo ba. Matar ta ce ya yi zamansa, me zai kai shi yawon cin abin da ba zai ji daɗinsa ba? Shi kuwa mutum ne mai taurin kai, irin taurin kan da nake so. Ya ce ya nemi abin nan a gida bai samu ba, zai duba cikin gari, ya sa hularsa ya fita. Tsohuwa mai ƙosai ta yi murna da ganinsa har ta yi masa gyara, ya tauna ya ji kamar auduga, ya yi godiya ya wuce. Waina haka, ɗanwake haka. Ga gari ya cika da hayaƙi da hayaniya, kowa na lashe yatsa yana santi, shi kaɗai ke haɗiya kamar mai shan magani. A wajen fura ne zuciyarsa ta kusa karyewa. Ya riƙe ludayi ya daɗe yana kallon ƙwarya, yana tunanin da wane ido zai kalli 'ya'yansa in tukubarsa ta mutu, ga gida ba nisa, ga ciki ya cika, ga kunya. Ya shanye furar tas, ya miƙe, ya ce ai rana ba ta faɗi ba tukuna.

Dab da magariba ya biyo ta tasha, ya tarar da wani abokin sana'arsa ya hura wuta, mutane sun kewaye shi. Wannan wurin ba ya cikin tsarinsa ko kaɗan, don mai tsire ba ya mafarkin tsiren wani. Ya dai karɓi tsinke ɗaya don kada ya wuce ba gaisuwa. Ya gatsa, ya tauna, sai ya tsaya cak, ya yamutsa fuska ya ce ƙulin nan ya tsufa, warin tsohon mai yake yi. Gaskiya ya faɗa, ragowar ƙuli-ƙulin da ya kwana tun kafin kulle ne aka daka. Mai wurin ya fusata ya ce, "Haba Malam, a gaban masu saye za ka ɓata min nama?" Shi kuwa ya kama hannunsa ya riƙe, yana dariya hawaye na zuba, ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, ƙaro min. Wallahi wari yake, kuma ina jinsa!" Ya cinye tsiren nan mara daɗi yana hamdala, jama'a na kallonsa kamar wanda ya taɓu. Washegari ya daka sabon ƙuli ya hura tukubarsa. Ba duka hancin ya dawo ran nan ba, citta ce ta fara zuwa, masoro sai daga baya, amma bai zauna jiransu ba.

Da a ce ya koma gida daga wajen fura, da ba wanda zai ga laifinsa, kamar yadda ba mai ganin naka yau. Kai yanzu a wajen furar kake. Je ka share kekenka ka sa masa mai, gobe ka buɗe shago. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.