Biyu Cikin Goma

Malamar aji uku ta ɗauki jan bironta, ta ba Auta biyu cikin goma a aikin gida. Sannan ta jawo littafin da yarinyar ke aiki da shi a aji, ta sake dubawa. Goma cikin goma ne, kamar kullum.

Shekararta sha tara tana koyarwa. Ta san yaron da uwarsa ke yi wa aikin gida, ta san wanda yayarsa ke yi wa. Irin waɗannan a gida shehunan malamai ne, a aji kuwa ko sunansu sai an tuna musu. Amma yarinyar da za ta yi fice a aji, ta koma gida ta zama daƙiƙiya, wannan ba ta taɓa gani ba, kuma abin ya tsaya mata a rai.

Ta fara da zargin satar amsa. Ta ɗauke Auta daga kusa da 'yar likita mai ƙoƙarin ajin, ta kai ta bencin ƙarshe, tsakanin tagwayen nan da ba su taɓa wuce uku ba ko an haɗa makinsu. Auta ta ci goma. Tagwayen kuma, karo na farko a rayuwarsu, suka ci tara-tara.

Aikin gida kuwa yana nan yadda yake. Haruffa manya-manya, an danna fensir har ya kusa huda takarda, ga gogewa a kowane layi, ga tabon baƙin mai a gefen shafi. Uban yarinyar bakanike ne, kuma in an tashi daga makaranta gareji take wucewa ta jira shi. Malama ta yi mata faɗa a kan tsafta. Auta ta ce to.

Akwai abin da ya fi wannan ba ta haushi. Sauran yara kafin ƙararrawar tara ta gama kaɗawa sun kai bakin ƙofa. Auta sai ta tsaya a gaban tebur, ta roƙi a yi mata bayanin kowane kuskure a hankali, a kuma rubuta gyaran da manyan baƙi. Kurakuran da ita ke gyara wa wasu a aji. Malama takan yi bayanin tana cije haƙori. Makin dai ya fara motsi kamar tsohuwar mota a kan tudu: uku, huɗu, ya gangaro uku, ya lallaɓa biyar.

Hakan ba zai isa ba. A wannan makaranta aikin gida rabin makin shekara ne, wanda ya faɗi a cikinsa kuma ba ya zuwa aji na gaba, doka ce da hedimasta ya kafa, kuma yana ji da ita. Sati biyu kafin jarrabawa Malama ta haɗa makin, ta ga Auta za ta maimaita aji uku tare da tagwaye.

Ta kira ta gefe. Ko ba ta samun wurin zama a gida? Tana samu. Ko aiki ya yi mata yawa? Bai yi ba. Ko wani na dukanta? Babu. Malama ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa ba za ta wuce aji huɗu ba. Hawaye suka zubo wa yarinyar, ta share da bayan hannu. Tausayi ya kama Malama, har ta rasa abin da za ta yi da haushin.

Ta rubuta takarda a kai wa uban. Bai zo ba. Ta sake rubutawa, shiru. A karo na uku ta tura maigadi ya faɗa masa baki da baki. Washegari tun ba a buɗe ƙofar makaranta ba uban yana tsaye a wurin.

A ofishin hedimasta aka zauna. Kujerar da ta rage ta 'yan aji ɗaya ce, bakaniken ya zauna a kai, gwiwoyinsa har ƙirji. Auta na tsaye a jikin bango. Malama ta buɗe littattafan biyu kusa da juna, ta ce ya gani da idonsa, mai wannan rubutu na gida ko ba ta mai da hankali, ko kuma ta raina mutane. Hedimasta ya karanto dokarsa, ya sake karantowa.

Mutumin ya tambaya ko da gaske ana lissafawa da na gida. Shi a zatonsa gwaji ne kawai. Aka ce masa rabi ne cur. Ya juya ya dubi 'yarsa. Ta girgiza masa kai kaɗan, ya yi kamar bai gani ba.

"Malama, yarinyar nan ba ta da laifi," in ji shi. "Don Allah kada a mayar da ita baya."

Malama ta ce to laifin wa ne, ta kai hannu za ta rufe littafin. Ya ɗora yatsansa a kan shafin ƙarshe, wanda jan biro bai taɓa ba tukuna.

"Kafin ki rufe, ki ɗan duba mini na jiya. Awa uku na yi a kansa, ina sa ran shida cikin goma."