Goran da Ba a Ɗauraye Ba

Wata uku da dawowata Gumel bayan shekara bakwai a Legas, ƙafata har yanzu ƙaiƙayin tafiya take. Abin da ya zaunar da ni shi ne manhajar da nake rubuta wa ƙungiyar manoman riɗi, wadda za ta aika wa kowa saƙon waya da sunansa. Ran gwaji, sunayen dattawa suka fito da jelar shirme, haruffan da ban rubuta ba. Laifina ne. A yaren kwamfutar da nake aiki da shi, in ka ware gurbi don jerin haruffa ka raɗa masa suna, ba a share maka shi. Abin da wani aiki ya bari yana nan kwance, sai ka fara zuba masa abin farko da kanka, ko da fanko ne. Ni kuwa na tsallake layin nan don in gama da wuri. Ina ta tsaki a zaure, Kawu Ɗanlami, wanda ko maɓallin kwamfuta bai taɓa dannawa ba, ya sa na yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Legas, ai wannan tsohon zance ne. Zauna, ƙafar nan taka ta huta."

Ya ce wani mai zuma ne surukinsa ya aiko yana son zuma, za a yi alkaki ran suna. Mutumin ya hau bishiya ya kwashe amyarsa, ya shiga rumbu ya zaro gora, ya ɗaura masa jan zare a wuya don a san na suruki ne. Bai leƙa ciki ba, bai ɗauraye ba, ya tuttula zuma ya kama hanya. Ashe matarsa ta taɓa jiƙa sassaƙen maɗaci a goran nan. Da ya isa, suruki ya dangwala ya lasa a gaban baƙi, fuska ta yamutse. Jan zare ya faɗi mai gora, amma bai taɓa abin da ke ciki ba. Dole mai zuma ya juya gida, tafiyar wuni, ya sake hawa wata amyar, ga harbi ga kunya.

Na ƙara layi ɗaya tak, sunaye suka fito fes. Kawu ya miƙo mini ɓarin goro ya ce, "Ka gani ko? Hausawa ba su yi ƙarya ba: sauri ya haifi nawa."