Jar Motar Muzzammil

Jibrin mai gyaran kwamfuta ya kifa na'urar a kan tebur, ya hure datti daga fankarta, sannan ya ce wa Shamsuddeen ya zaɓa.

"Kwamfutar ga ta tsufa. In na maida maka Windows, wasanka zai tashi, amma aikin makaranta sai ka yi ta jira. In Linux kaka so, za ta yi gudu kamar sabuwa, sai dai wasan tseren nan ba shi buɗewa bisanta. Mi za a sa?"

Shamsuddeen ya tsaya yana kallon babura suna wucewa a titin Kalgo. Tun damina, in aka ce masa zaɓi, ko tsakanin shinkafa da tuwo ne, sai ya ji duk ɗaya.

Wasan tseren mota ne, irin wanda ke haɗa mai kwamfuta da mai waya a hanya guda. Shi da ƙanensa Muzzammil suka saba yin sa bayan la'asar, shi a ɗakinsa na ɗalibai a Kalgo, Muzzammil a gida Gwandu da wayarsa mai tsagaggen gilashi. Motar Shamsuddeen shuɗiya ce, ta Muzzammil ja, kuma jar ba ta da kunya ko kaɗan. Takan wuce shuɗiyar a kwanar hanya, mai ita yana dariya a lasifika.

A daminar nan zazzaɓi ya ɗauke Muzzammil.

Shamsuddeen shi ne ɗan fari, kuma mahaifiyarsu Inna Kubura Bafulatana ce ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. In ta matsu sai ta ce "wancan na Kalgo". Ba ta kiransa a waya, ba ta zama inda yake zaune. Ranar da aka dawo daga maƙabarta ya shiga yi mata gaisuwa, ta juya fuska bango ta ce an gode. Ya san al'ada ce, amma abin ya yi masa ciwo. Daga baya ciwon ma ya daina, ya koma Kalgo kamar an kwashe abin da ke cikinsa.

Bayan sadakar arba'in, wata la'asar, ya buɗe wasan don hannunsa ya saba. Sai ga sunan Muzzammil ya kunna kore, alamar an shigo wasan da wayarsa, jar mota tana bakin layi.

Bai firgita ba. Ƙanwarsu Rahama ce ta tattara kayan mamacin, don haka ya san wayar tana hannunta. Kuma tuƙin ma ya nuna. Jar motar ta daki bango, ta yi baya, ta faɗa rami, ta fito tana tafiya a karkace kamar akuya mai ciwon ƙafa. Lasifika a kashe take, ko kalma ɗaya ba a rubuto masa ba.

Kashegari ma ta zo, haka jibi. Sannu a hankali ta koyi hanya, amma ba ta taɓa wuce shi ba. In ya rage gudu sai ta rage, in ya tsaya sai ta tsaya a bayansa. Suna zuwa na ƙarshe kullum, mutanen da ba su sani ba suna wuce su. Da lokacin dawowar shanu ya yi, sai koren ya mutu. Shamsuddeen bai taɓa yi wa Rahama zancen ba, ita ma ba ta yi ba, don in za a yi sai an ambaci sunan Muzzammil. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai yake jin akwai wani nasa a kusa.

"Malam, ina da wasu masu jira," in ji Jibrin.

Aikin kammala karatu yana gabansa, malaminsa kuma ya gaji da jin cewa kwamfuta ta tsaya. Rahama yarinya ce, za ta sami abin da zai ɗauke mata hankali.

"Sa mai gudun," ya ce.

Ta kuwa yi gudu. Ya rubuta aikinsa, ya buga, ya miƙa. In la'asar ta yi sai ya kwanta ya kalli rufin ɗaki. Bai ji kewa ba, bai ji sauƙi ba, makonni suka shige a haka.

Da aka ba da hutu ya hau mota zuwa Gwandu, ya isa ana fitowa daga sallar la'asar. Ya tarar da Rahama a tsakar gida tana daka gero, hannu biyu a taɓarya. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa.

"Ki yi haƙuri da kinka daina ganina," ya ce. "An canza wa kwamfutar kai ne, wasan ya ƙi tashi."

"Wane wasa, Yaya?"

"Na motar."

Ta kalle shi kallon wanda bai gane ba, ta koma kan turminta.

Tsakanin saukar taɓarya da ɗagata ya ji ɗan kiɗan nan da wasan ke yi kafin a tashi tsere, ƙasa-ƙasa, daga ɗakin da ke kusa da rumbu. Ya je ya ɗaga asabari.

Jar motar tana bakin layi tana jiran shuɗiya, kuma Inna Kubura ce zaune a tabarma, riƙe da wayar mai tsagaggen gilashi da hannu biyu.