Kaset Ɗin Inna

Shekarar da kamfanin ma'adinai ya sallami ma'aikata Inna ta rasu, ta bar mini kaset ɗaya na waƙoƙin fim ɗin Indiya. Da kanta ta ɗauka, ta kara rediyo a tagar gidan bidiyo, shi ya sa a waƙa ta uku ake jin muryarta tana bi.

Wata la'asar na dawo daga lakwal, wato makaranta, na tarar da ƙanenta, Kawu Isufu, a tsakar gidanmu na Arlit. Ya toshe ramin kaset ɗin da takarda don ya ɗauki magana a kan waƙoƙin, ya danna jan maɓalli, yana aika saƙo ƙauye: "Ina gaishe ku, yaya fari, yaya dabbobi?"

Na fashe da kuka. Ya ce, "Ke, rufe mini baki! Waƙar da ko ma'anarta ba ki sani ba?"

Yau Kawu ya tsufa, idanu sun tafi. Yakan miƙo mini wayarsa ya ce, "'Yata, sa mini waƙoƙin nan irin na uwarki."

Nakan karɓa, in goge ƙurarta, in mayar masa.

"Kawu, ai ba ka san ma'anarsu ba."